Darasi: Yadda Ake Gano Hanyar da Ruwa Ya Bi Ya Shiga Man Injin Jirgin Ruwa Mai Gudu

Darasinmu na yau zai kai mu ɗakin inji, amma wayarmu tana hannu, domin ita ce za ta zama idonmu da littafin ajiye bayananmu a wannan aiki.

Duk mai kallon bidiyon tsere a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da dogayen jiragen ruwan nan masu tsaga teku a Key West da ke jihar Florida, ko a tafkin Ozarks na jihar Missouri a Amurka, waɗanda wasunsu ke wuce kilomita 200 a awa guda. Yawancinsu manyan injinan fetur ne masu silinda takwas a cikinsu, irin waɗanda kamfanin Mercury Marine da ke garin Fond du Lac a jihar Wisconsin ke fitarwa da sunan MerCruiser da Mercury Racing. Akwai mai lita 5.7, akwai mai 7.4, akwai mai 8.2. Inji ɗaya daga cikin manyan kan fi sabuwar mota tsada.

Abin da mai irin wannan jirgi ya fi tsoro shi ne ya zaro gejin mai da safe ya tarar baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara. Ruwa ya shiga ke nan. Mafi yawan mutane nan take sai su ce gaskit ɗin tof ya ƙone, su ɗauko sifana su fara kwance inji. A mota sau da yawa hasashen kan yi daidai. A jirgin ruwa kuwa hanyoyin da ruwa ke bi sun kai shida ko fiye, kuma wanda ya kwance tof alhali laifin na salansa ne, zai kashe kuɗi ya ɗaure inji, ruwan ya dawo a fitar farko. Don haka darasin zai bi tambayoyi uku: ruwan nawa ne, wane iri ne, kuma yaushe yake shiga. Amsarsu ce ke nuna inda za a taɓa.

Me ya sa injin jirgi ya fi na mota faɗawa wannan matsala?

Mota tana da lagireto, iska ce ke sanyaya ruwan da ke zagaya injinta. Jirgi ba shi da lagireto. Ruwan da yake tafiya a kai shi yake zuƙa ya sanyaya kansa, ta hanyar wani famfo mai fuka-fukin roba da ake kira imfela. Tsarin iri biyu ne.

Na farko shi ne buɗaɗɗen tsari: ruwan tafki ko na teku yana shiga cikin jikin injin kai tsaye, ya zagaya, ya fita. Na biyu rufaffen tsari ne: a jikin injin akwai ruwan sanyaya inji mai launi irin na mota, sai ruwan waje ya bi ta cikin wata tukunya mai ƙananan bututu ya kwashe masa zafi ba tare da sun gauraya ba.

A duka tsarin biyu akwai wani abu da mota ba ta da shi. Ɗakin injin jirgi a rufe yake, ga tankin fetur a kusa, saboda haka ba a barin salansa ta yi ja da zafi. Manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga silindoji, bango biyu gare shi: hayaƙi a ciki, ruwa a tsakanin bangon. A samansa akwai wata gwiwar ƙarfe da ake kira raiza, wadda ke ɗaga hayaƙin sama da matakin ruwan waje kafin ya gangara. A ƙarshen gwiwar ne ake sakin ruwan cikin hayaƙin su fita tare. Ma'ana, tsakanin ruwa da bawul ɗin fitar hayaƙi babu komai sai siririn gaskit da bangon ƙarfen da tsatsa ke ci kullum. Ka riƙe wannan hoton a ranka, domin za mu dawo kansa.

Abin da ruwa ke yi wa mai

Aikin baƙin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, musamman tsakanin kiranshaf da metal, ya hana su gogar juna. Idan ruwa ya gauraya da shi, wannan shimfiɗa takan yi rauni, sinadaran da aka zuba wa man su lalace, tsatsa ta kama bangon silinda da kamshaf. Ruwan gishiri ya fi saurin ɓarna, cikin kwanaki kaɗan yake cin ƙarfe. Ruwan sanyaya inji mai launi kuma yakan mayar da man ya yi kauri kamar kunu, ya toshe hanyoyinsa.

Haɗari mafi girma shi ne ruwa ya taru a saman fistin. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan aka yi wa injin kiyi da ruwa a silinda, fistin zai taso ya daki abin da ba ya motsi, sandar da ke haɗa shi da kiranshaf ta lanƙwashe ko ta karye. Don haka doka ta farko: da zarar ka ga mai ya yi fari, ko ka ji inji ya fara juyawa ya cije, kada ka sake taɓa makulli.

Kayan aiki

- Wayar da ke karɓar kebul na OTG, da ƙaramar kyamara mai doguwar igiya da fitila a kanta. Nemi mai kaurin milimita 5.5 ko 7, za ta shiga ramin fulogi mai milimita 14 ba wahala.
- Na'urar auna zafi daga nesa, mai kama da ƙaramar bindiga. Wanda ke da hali zai iya sayen kyamarar zafi da ake maƙala wa waya, irin FLIR One.
- Kwalbar gilashi mai tsabta, da ƙaramin faranti na ƙarfe.
- Alƙalamin auna gishirin ruwa, irin wanda masu sana'ar ruwan leda ke amfani da shi.
- Gejin auna matsin silinda, da famfon hannu mai geji na gwada hanyar ruwa.
- Sifanar fulogi, da kwali da abin rubutu.

Idan injin na Mercury ne mai tsarin SmartCraft, akwai ƙaramar na'ura da manhaja da ke turo zafin inji, saurin juyawarsa da saƙonnin matsala zuwa waya ta Bluetooth. Tana taimakawa wajen sanin ko injin ya taɓa yin zafi fiye da kima.

Tsaro kafin komai

Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan ɗakin inji. Buɗe murfin ɗakin, kunna fankar fitar da tururi aƙalla minti huɗu, ka sunsuna da hancinka kafin ka shiga da waya ko fitila. Kada ka jona ko ka cire caja a cikin ɗakin. Kada kuma ka ɗanɗana ruwan da ka samu a mai don sanin ko na gishiri ne, domin ruwan sanyaya inji guba ne mai kashe ƙoda.

Mataki na 1: Tabbatar ruwa ne, ka kuma san yawansa

Fara da hoto. Ɗauki gejin mai a kan farar takarda, ka ɗauki ƙasan murfin da ake zuba mai. Wayar za ta ajiye maka rana da lokaci, abin da zai yi amfani idan ka zo kwatantawa daga baya.

Ka duba abu biyu. Na farko, ina farin yake? Idan ɗan kumfa ne mai kama da man shanu a ƙasan murfi kaɗai, man da ke kan geji kuma da kalarsa, wannan alamar raɓa ce, za mu yi bayaninta a gaba. Idan man gaba ɗaya ya yi fari, ruwa ne mai yawa. Na biyu, matakin man ya ƙaru? Inji ba ya haifar mai. In matakin ya haura alamar cika, wani abu ya shigo. Sunsuna shi: idan warin fetur ya yi ƙarfi kuma man ya tsinke, fetur ne ke zuba, wannan wata matsala ce daban.

Sai ka zuƙo man daga ƙasan inji ka zuba a kwalba ka ajiye ya kwana. Ruwa ya fi mai nauyi, idan yana da yawa zai kwanta a ƙasa ka ga layin da ya raba su.

Idan ruwan kaɗan ne ido ba zai gani ba, sai a yi gwajin ƙara. A wajen jirgi, nesa da fetur, ɗora farantin ƙarfe a kan rishon lantarki har ya kai kusan digiri 160 a ma'aunin Salsiyos, ka tabbatar da na'urar auna zafi. Girgiza man ka ɗiga digo ɗaya. Tsabtataccen mai zai bazu shiru. Mai ruwa zai yi ƙananan kumfa, in ruwan ya fi haka ka ji yana tsartsatsi kamar an jefa ɗanyen dankali a tafasasshen man gyaɗa. Sa tabarau, ka ɗauki bidiyo a yanayin tafiyar hawainiya, kumfar da ido ya rasa za ta fito a bidiyon.

Mataki na 2: Wane irin ruwa ne?

Tsotso ruwan da ya kwanta a ƙasan kwalba da sirinji. Idan yana da launi, kore ko ja ko ruwan lemo, ruwan sanyaya inji ne, kuma wannan a rufaffen tsari kaɗai yake yiwuwa. Duba tankinsa, za ka ga ya ragu. Laifin yana cikin inji ke nan: gaskit ɗin tof, gaskit ɗin manifol na shigar iska, ko tsagewa. A wasu injinan ruwan mai launi yana zagaya manifol na hayaƙi ma, don haka ka bi tiyo ka ga inda ya kai kafin ka yanke hukunci.

Idan ba shi da launi kuma jirgin a teku yake aiki, tsoma alƙalamin auna gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, adadin da ya fi ƙarfin ƙananan alƙaluman, lambar za ta haura iyaka. Ko ka ɗiga ruwan a kan baƙin faranti ka bar shi ya bushe, farin gishiri zai fito. Ruwan gishiri a injin da ke da rufaffen tsari labari ne mai daɗi ta wani ɓangare, domin ya wanke tof da jikin inji daga zargi. Ruwan waje a irin wannan inji salansa yake bi da na'urar sanyaya mai, can za ka nufa.

Idan jirgin a tafki yake kuma tsarinsa buɗaɗɗe ne, duk ruwan iri ɗaya ne, wannan mataki ba zai raba maka gardama ba. Sai ka wuce na gaba.

Mataki na 3: Fulogi da kyamara

Huda ramuka takwas a kwali ka rubuta musu lamba, ka cire fulogi ɗaya bayan ɗaya kana sa kowanne a raminsa. A injinan da aka gina kan na General Motors, silinda 1, 3, 5, 7 suna ɓangare ɗaya, 2, 4, 6, 8 suna ɗayan. Fulogin da ke lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne. Wanda ya yi fes kamar sabo a cikin 'yan uwansa, tururin ruwa ne ya wanke shi. Wanda ke da tsatsa ko ɗigon ruwa, ruwa ya kwana a silindarsa.

Yanzu jona kyamarar a waya ka zura ta kowane rami. Kana neman abu uku: ruwa kwance a kan fistin, saman fistin da ya wanku tas alhali sauran baƙaƙe ne, da jan layin tsatsa a bangon silinda. Ɗauki hoton kowace silinda ka sa masa lamba nan take, domin bayan ta huɗu duk za su yi maka kama ɗaya.

Idan ka ga ruwa, kashe hanyar wutar fulogi da ta fetur, ka juya injin fulogi a cire don ruwan ya fito ta ramukan, sannan ka fesa ɗan mai a ciki don tsatsa.

Yadda ruwan ya rarrabu yana magana. Silinda ɗaya ko biyu na ɓangare ɗaya, musamman waɗanda ke ƙarƙashin raiza, suna nuna manifol ko gaskit ɗin raiza na wannan ɓangaren. Silindoji da yawa a ɓangarorin biyu suna nuna ruwa ya komo ta bututun hayaƙi. Idan duk silindojin a bushe suke amma man fari ne, ruwan bai bi ta saman fistin ba, kai tsaye ya faɗa cikin mai: na'urar sanyaya mai, gaskit ɗin manifol na shigar iska, ko tsagewar jikin inji.

Mataki na 4: Gwajin matsi

Tun da fulogi a cire suke, auna matsin kowace silinda ka rubuta a waya. Littafin injin ya faɗi mafi ƙarancin adadin da aka yarda da shi, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne bambanci tsakaninsu. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare alamar gaskit ɗin tof ce. Ka sani kuma cewa matsi mai kyau ba ya wanke gaskit gaba ɗaya, domin yana iya yoyo tsakanin hanyar ruwa da ta mai ba tare da ya taɓa silinda ba.

Gwajin da ya fi yanke hukunci shi ne na hanyar ruwa. Cire tiyon da ke kai ruwa manifol na hayaƙi ka toshe su, ka toshe na shigowa, ta yadda jikin inji zai zama a rufe shi kaɗai. Hura masa iska da famfon hannu har kusan 15 a ma'aunin psi, wato kusan ba ɗaya, kada ka wuce. Ajiye wayar gaban gejin tana ɗaukar bidiyo mai gutsure lokaci na minti 20 ko 30. Idan allurar ta tsaya cak, jikin inji da tof da gaskit ɗinsu lafiya suke a sanyi. Idan tana sauka, sa kunne a ramin zuba mai da ramukan fulogi. Iska a ramin fulogi tof ne ko gaskit ɗinsa. Iska a ramin mai gaskit ɗin shigar iska ne ko tsagewa. Akwai tsagewar da sai ƙarfe ya ɗumama take buɗewa, don haka in kana da shakka, maimaita gwajin inji da ɗumi.

Hanyoyin da ruwa ke bi, ɗaya bayan ɗaya

*Raɓa.* Kowace litar fetur da ta ƙone tana haifar da kusan litar ruwa guda a siffar tururi. Yawanci yana fita ta salansa, amma kaɗan yana zurarewa ta gefen ring zuwa cikin mai. Idan man ya yi zafi kusan digiri 100, ruwan zai ƙafe ya fita. Matsalar ita ce injin jirgi da sanyi yake aiki. Tamostat ɗinsa yakan buɗe a digiri 60 ko 71, ƙasa da na mota, kuma jiragen tsere suna da manyan na'urorin sanyaya mai da aka yi don gudu mai tsanani. Idan mai jirgi ya yini yana yawo a hankali cikin ruwa mai sanyi, man ba zai taɓa ɗumama ba. Auna jikin filtar mai bayan tafiya ta rabin awa. In zafin bai kai ko kusa da 80 ba, ga dalilinka. Maganin shi ne tamostat na mai, da duba ko wani ya cire na ruwa. Raɓa ba ta ƙara matakin mai sosai a fita ɗaya, wannan ne ke bambanta ta da yoyo.

*Manifol da raiza.* A jirgin da ke aiki a ruwan gishiri, waɗannan su ne farkon abin zargi, domin na baƙin ƙarfe 'yan shekaru suke yi tsatsa ta cinye su daga ciki. Yadda suke yin ɓarna shi ne bayan an kashe inji: ruwan da ya rage yana ɗiga ta gaskit, ya gangara ya shiga silindar da bawul ɗinta ya tsaya a buɗe, ya zurare ta gefen ring cikin dare. Shi ya sa mai jirgi zai dawo da yamma mai lafiya, ya wayi gari ya yi fari. Duba mahaɗar manifol da raiza daga waje, jan layin tsatsa a wurin alama ce. Kwatanta zafin raiza biyu inji yana aiki, wanda ya fi ɗan uwansa zafi sosai hanyar ruwansa ta toshe. Cire raizan ka leƙa ramin hayaƙi: baƙin toka busasshe ya kamata ka gani, jiƙa ko tsatsa na nufin ruwa yana bi. Manifol ɗin da aka cire ana toshe hanyar ruwansa a hura masa iska shi kaɗai.

*Komowar ruwa ta salansa.* Wannan ciwon jiragen tsere ne musamman. Don ƙara ƙarfi, ana sa wa injin kamshaf da ke barin bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi a buɗe tare na ɗan lokaci mai tsawo. A babban gudu wannan yana taimaka wa injin numfashi. A silo kuwa yakan sa hayaƙi ya riƙa ja da baya, ya zuƙo ruwan da aka saki a ƙarshen gwiwa zuwa cikin silinda. Babu abin da ya fashe, duk gwajin matsi zai fito lafiya, amma man yana fari. Tambayar da za ka yi ita ce: an canja kamshaf ko salansa kwanan nan? Gwajinsa shi ne a bar inji a silo minti kaɗan, a kashe, a cire raiza ko a zura kyamara da zarar ya huce a ga ko cikin a jiƙe yake. Magani shi ne salansar da ke sakin ruwa can nesa da inji, ko ɗaga silo kaɗan, ko komawa kamshaf mai sauƙi. Akwai kuma komowa ta wani iri: direba ya sauke gudu farat ɗaya, igiyar ruwan da ke bin jirgin ta daki bayansa ta cusa ruwa cikin bututu. Akwai murfin roba a bututun da ke hana haka, amma yakan ƙone idan inji ya taɓa yin zafi. Haka nan injin da ke ci gaba da tari bayan an kashe makulli yakan juya da baya ya zuƙo ruwa.

*Na'urar sanyaya mai.* Bututu ne da ruwan waje ke bi ta ciki, mai ta gefe. Lokacin da inji ke aiki matsin mai ya fi na ruwa, don haka in ta huje za ka fara ganin mai yana kyalli a ruwan da ke fita bayan jirgi. Bayan an kashe inji matsin mai ya faɗi, ruwa ya samu hanyar shiga. Cire ta ka toshe baki ɗaya, ka hura iska ta ɗayan, ka tsoma ta a bokitin ruwa kamar yadda mai faci ke neman hujin tayar babur.

*Gaskit da tsagewa.* Gaskit ɗin tof yakan tafi ne bayan inji ya yi zafi, misali imfela ta mutu ko leda ta toshe mashigar ruwa. Tsagewa kuma a ƙasashen sanyi aka fi ganinta. Ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, don haka jirgin da aka ajiye lokacin hunturu a Michigan ko Kanada ba a zubar da ruwan jikinsa ba, ƙanƙara takan tsaga ƙarfen daga ciki. Alamarta ita ce man ya cika ya yi fari cikin mintoci a tashin farko na bazara.

*Ruwan sama da ambaliya.* Kada ka manta da mai sauƙin. Ruwan sama yana iya ɗiga ta murfin ɗaki ya faɗa kan kabireto, ko ruwa ya taru a ƙasan jirgi har ya kai bakin gejin mai. Layin datti a bangon ɗakin inji zai nuna maka inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Bayan an gano

Kada ka bar injin ya zauna da ruwa a ciki kana jiran kayan gyara. Juye man ka canja filta a ranar. Bayan gyara, zuba mai mai araha, ka tashi injin ya ɗumama, ka juye, ka maimaita sau biyu ko uku har ya fito da kalarsa, kowane karo da sabuwar filta. Sannan ka zuba man da littafin injin ya ce, ka fita tafiya mai tsawo yadda man zai yi zafi ya ƙone sauran danshin. Duba geji kana dawowa, ka sake dubawa washegari kafin ka tashi inji. Waɗannan hotuna biyu su ne shaidar ko gyaran ya yi.

Wanda ke son tabbaci yakan aika ɗan man zuwa ɗakin gwaji, irin Blackstone Laboratories da ke Fort Wayne a jihar Indiana. Ana auna ruwa a mai daidai wa daida da hanyar da masanin sinadarai ɗan Jamus, Karl Fischer, ya fitar a 1935. Rahoton yana kuma nuna ƙarafa: sodiyam da fotasiyam tare sukan nuna ruwan sanyaya inji, yawan darma da tagulla kuma na nufin metal ya fara cinyewa.

Abin da za ka ɗauka zuwa gida

Kwalekwalen inji da ke jigila a Yawuri, tafkin Kainji da tafkin Chadi galibi ƙananan injina ne na maƙalawa a baya da ake gauraya musu mai da fetur, ba su da kaskon mai irin na V8. Amma suna da man giya a ƙasa kusa da farfela, kuma shi ma yakan yi fari idan zaren kamun kifi ya naɗe sandar farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. Kwance ƙaramin noti na ƙasa ka ga abin da zai fara fitowa. Gwajin kwalba, gwajin ƙara, karatun fulogi da kyamarar waya kuma duk suna aiki a motar gida da janareta mai lagireto, har da motar da za ka saya ta hannu, musamman bayan damina.

A darasi na gaba za mu duba yadda ake zaɓar kyamarar igiya da za ta yi aiki da wayarka, da abin da za ka yi idan wayar ta ƙi ganinta.